Yaya ake ƙiyasta lokacin da ya rage wa mai ciwon dajin da ya yi nisa?

nas_ta_dare:
Assalamu alaikum. Majinyacin da daji ya bazu a jikinsa, an koma rage masa raɗaɗi kawai, 'yan'uwa sukan tambaya ko su kira na nesa, ko su mai da shi gida. Ajali na hannun Allah, amma akwai ma'aunin da za a riƙe ba tare da gwajin jini ba? Yawancinsu kuɗi ya ƙare musu.

likitan_ciki:
Wa alaikumus salam, Sista. Akwai PPI, ma'aunin ƙiyasta lokacin da ya rage ta hanyar ba alamomi maki a haɗa su, wanda likita Morita da abokan aikinsa suka fitar a Japan a 1999, ido da kunne kawai yake buƙata. Ki fara da PPS, ma'aunin ƙarfin jiki daga 100 zuwa 0. Wanda ke wuni a zaune ko a kwance yana 50, wanda ba ya sauka daga gado, komai sai an yi masa, yana 30, in kurɓar ruwa kaɗai ta rage yana 20. PPS 10 zuwa 20 maki 4 ne, 30 zuwa 50 maki 2.5. Cin abinci in ya ragu maki 1, in ya koma loma ɗaya biyu 2.5. Kumburi 1. Haki alhali yana kwance 3.5. Ruɗewar hankali 4. Jimla in ta haura 4, ba a cika wuce mako 6 ba. In ta haura 6, galibi ba a kai mako 3.

tsohuwar_matron:
'Yata, kafin ki ba ruɗewa maki 4 ɗin nan, nemi dalilinta. Taɓa mararsa, wataƙila fitsari ne ya taru, robar fitsari ta wadatar. Tambayi yaushe rabonsa da bayan gida, don mofin, maganin raɗaɗi mai ƙarfi, yana ɗaure ciki. Zazzaɓi, yawan kalsiyam a jini, ko mofin da ya taru saboda ƙoda ta gaza, duk suna sa surutai, kuma ana iya gyara su. Awo ɗaya kuma ba ya isa, a maimaita duk mako. Mai sauyawa wata zuwa wata, watanni ake zato. Mai sauyawa yau da gobe, kwanaki ne.

likitan_ciki:
Gaskiya ne, Mama. Mu likitoci kuma mun cika tsawaitawa. Binciken Christakis da Lamont na 2000 a Amurka ya nuna kashi 20 cikin 100 na hasashen likitoci ne kawai ya yi daidai, kashi 63 ya zarce. Shi ya sa ba a yanka wa iyali rana. A ce "muna ganin makonni ne kaɗan, Allah ne masani, mai son ganawa da shi ya zo yanzu". Wasiyya da maganar bashi a yi su tun yana cikin hayyacinsa.

Alamun kwanakin ƙarshe: kakari a maƙogwaro, haɓa tana motsi da kowane numfashi, numfashi yana ɗaukewa ya dawo, bugun jini ya ɓace a wuyan hannu, fitsari ya ja baya sosai.

nas_ta_dare:
Na gode. To ƙarin ruwa fa? 'Yan'uwa sukan matsa a sa.

tsohuwar_matron:
A wannan gaɓar jiki ba ya iya sarrafa ruwan, yakan ƙara kumburi da kakari. Ki nuna musu yadda ake jiƙa masa baki da auduga akai-akai, a shafa man leɓe, a kwantar da shi ta gefe.