Abin da na tsinta a hirarmu kan karatun Latin, tsohon harshen Romawa, a jami'a

Kusan duk waɗanda suka yi kwas ɗin bakinsu ɗaya, wai shekarar farko hadda ce zalla. Sunaye a Latin rukuni 5 ne, fi'ilai rukuni 4, kuma ƙarshen kalma ne yake nuna maka wa ya aikata, wa aka aikata wa, to duk wanda ya taɓa zama gaban malam ya sha i'irabin Larabci wallahi ya samu sauƙi sosai. Sun ce gara minti 30 kullum da zaman awa 5 ranar Asabar, ni ma na yarda da wannan.

Wajen karatu a fara da Kaisar (Julius Caesar, shugaban yaƙin Romawa), labarin yaƙinsa a ƙasar Gaul, wato yankin Faransa ta yanzu, rubutunsa miƙaƙƙe ne. Sisero, marubucin Roma da ya shahara da iya jawabi, kam sai an yi haƙuri, jimla ɗaya sai ta cinye rabin shafi kafin ka ga fi'ilin. Aeneid na mawaƙin Roma Virgil littafi 12 ne, waƙa ce mai kari, a karanta ta da ƙarfi yadda kunne zai kama karin.

An ɗan yi musu kan leƙa fassara, mafi yawa sun ce gwada da kanka tukuna. Mai so a Najeriya, Jami'ar Ibadan na da sashen da ake koyar da Latin.