Wicket da Hausa: turke ne ko fitarwa?

Jama'a masu rubuta labarin wasanni don Allah ku zo mu kashe wannan magana. Ranar 2 ga Nuwamban 2025 da matan Indiya suka doke Afirka ta Kudu a Navi Mumbai suka ɗau kofin duniya na kurket karon farko na zauna zan rubuta labarin da Hausa, komai na tafiya daidai sai kalma ɗaya ta tsaya min a maƙoshi, wato wicket.

Sauran ba su ba ni wahala ba. Mai jifa, mai bugu, maki, shikenan. Su Turawa sai a 2021 ne MCC, masu riƙe da dokokin wasan, suka sauya batsman zuwa batter don ta haɗa da mata, mu kuwa "mai bugu" dama can ba ruwanta da mace ko namiji.

Matsalar wicket ita ce kalma ɗaya ce ake ɗora wa kaya har uku. Na farko sandunan nan uku da ake kafawa a bayan mai bugu, da 'yan guntaye biyu a kwance a samansu, waɗanda in ƙwallo ta taɓa za ka ga sun yi tsalle sun zube. Wannan ni turaka na ce, tunda turke abin da aka kafa a ƙasa ne ya tsaya ƙyam. Wani ya ce min a ce raga, a'a, babu abin da ake zurawa a ciki, karewa ake yi.

Na biyun ne ya fi ci min rai. In aka ce mai jifar Ingila Anya Shrubsole ta samu wicket 6 a wasan ƙarshe na kofin duniya na 2017 a filin Lord's da ke Landan, ba sanduna ta kwashe ba, masu bugun Indiya 6 ta sallama, Ingila ta ci da tazarar maki 9 kacal. To in ka rubuta "ta samu wiket 6" me wanda bai taɓa kallon wasan ba zai gane? Babu. Kuma galibin masu karanta mu ke nan, wasan matan ma dama da ƙyar yake samun layi biyu a shafin wasanni, sai kuma mu cika layi biyun da kalmar da ba a ji. An kawo shawarar "ta kashe 6" amma ka duba yadda wannan zai fito a kanun labari, ba zai yiwu ba. "Ta kayar" ma ba laifi, sai dai mutum zai zaci faɗuwa aka yi. Fitarwa ta fi, ta fitar da mutum 6.

Daga nan har sakamako ya warware. Indiya ta ci Ostireliya a wasan kusa da na ƙarshe na 2025 da wicket 5, Jemimah Rodrigues ta yi maki 127 ba a fitar da ita ba. Sai mu ce Indiya ta wuce makin Ostireliya alhali mutum 5 kawai aka fitar mata cikin 10 da ake buƙata.

Na ukun shi ne zirin ƙasar nan na tsakiya da ake jifa a kai, shi ma wicket suke ce masa. Ni dai zirin jifa nake rubutawa yanzu, wanda ke da wadda ta fi daɗin baki ya ajiye min a ƙasa.