Faski da koriyanda: abu ɗaya ne ko dangi ne kawai?

Maman Sadiya, Aboabo: Assalamu alaikum. A makon jiya na sayi ganye a kasuwar Kejetia ta Kumasi a kan cewa faski ne, amma da na yanka shi a miyar kifi sai wani irin ƙamshi ya cika tukunyar, har maigidana ya tambaya ko sabulu ne ya faɗa ciki. Mai sayarwar ta rantse mini cewa duk ganye ɗaya ne. Ina roƙon masu sani su warware mini.

Malamin Gona, Asawase: Wa alaikumus salam, Hajiya. Koriyanda aka ba ki, kuma maigida bai yi ƙarya ba, domin akwai mutanen da a halittarsu ɗanɗanon sabulu suke ji a cikinsa. Shi da faski gida ɗaya suka fito, wanda masana tsirrai ke kira Apiaceae, kuma alamar gidan ita ce furen da ke buɗewa kamar laima. Karas ɗin da ake nomawa a Mampong ɗan gidan ne, haka seleri da kamun, har da nkitinkiti da muke niƙawa a kayan suyar nama. Idan kin koma kasuwa, ki murza ganye guda tsakanin yatsunki: ƙamshin faski sanyi gare shi kuma bakin ganyensa na da tsini, na koriyanda kuwa ya fi zagaye.

Inna Mai Waakye: 'Yata, ko faskin gaske kika samu, kada ki bar shi ya dahu, sai kin sauke tukunya za ki barbaɗa. A wurina koriyanda 'ya'yansa sun fi ganyensa amfani, musamman idan aka ɗan soya su ba mai kafin a daka.

Maman Sadiya: Na gode, Inna. Malam, shin lansir ma danginsu ne? Kuma zan iya shuka faskin a bokiti?

Malamin Gona: Lansir dangin kabeji ne, ba nasu ba. Faski asalinsa na yankin Bahar Rum ne, saboda haka ki ajiye bokitin inda rana ba ta dukansa da tsakar rana, ki kuma yi haƙuri, domin irin yakan kai mako 3 zuwa 4 kafin ya tsiro. Bokitin ya zama mai zurfi, don saiwarsa doguwa ce kamar ta karas, kuma ba ta son dashe.