Wace shuka ce za ta jure ranar baranda a tukunya?

Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah masu harkar lambu, ku taimaka min da shawara.

Barandar gidana a Kano tana fuskantar yamma, daga azahar har magariba rana na dukanta. A watan Afrilu zafi kan haura digiri 40, siminti ya yi ta huci. Na'ana'a da ɗoɗɗoyar da na dasa a baƙaƙen robobi duk sun ƙone. Na zazzage ɗaya na tarar da saiwar ta dahu, ƙasar ta ƙanƙame kamar tubali. Ga ruwa saya muke a wurin mai garuwa, ban-ruwa safe da yamma ba zai yiwu ba.

Shukar da ake kira kariya ce ta fi kwanta min a rai, tunda tana tara ruwa a gindinta kuma furenta ja mai kyau ne. Sai dai ruwan jikinta guba ne, ni kuwa ina da yaro mai rarrafe. Alobera fa, tana jure ranar yamma, ko sai da 'yar inuwa?

Sannan tukunyar ƙasa za ta fi roba sanyi? Yaya ake haɗa yashi da takin awaki don kada ruwan damina ya kwanta a ciki? Na gode.