Yaya ake ba da maki a jarrabawar sauraron Faransanci?

Malamar Faransanci, Argungu:
Assalamu alaikum, malamai. Ina duba takardun ɗaliban ajin ƙarshe na sakandare, sai na tarar wata yarinya ta ji "verre", wato kofin gilashi, amma ta rubuta "vert", mai nufin kore, alhali furucinsu ɗaya ne. In ba ta makin ko in hana ta?

Malami daga Kamba:
Wa alaikumus salam, Malama. Kunne ake gwadawa a wannan jarrabawa, saboda haka kuskuren da bai taɓa ma'ana ba, kamar manta alamar saman wasali, bai kamata ya cinye maki ba. Naki ya ɗan bambanta, domin yarinyar ta faɗa cikin wata kalma mai zaman kanta, don haka sai ki duba jimlarta gaba ɗaya, idan ta nuna abin sha take nufi, ki ba ta. Mu da ke bakin iyakar Nijar mun saba da wannan, yaranmu suna jin harshen a kasuwa amma rubutun yana ba su wahala.

Tsohon malami, Birnin Kebbi:
Na goyi bayan Malam, sai dai babu sassauci a lambobi. Wanda ya ji "quatre-vingts" ya rubuta 24 maimakon 80 bai ji ba, ko rabin maki bai cancanta ba. Kuma 'yata, ki tsara amsoshin da za ki karɓa kafin ki buɗe takardar farko, domin kada gajiya ta sa ki zalunci na ƙarshe.

Malamar Faransanci, Argungu:
Na gode, Baba. "Boire", wato sha, ta rubuta kafin kalmar, zan ba ta.