Hutun kwana huɗu a Yankari da garin Bauchi: yaya za mu tsara shi?

Uwar Biyu, daga Kano:

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina neman shawarar waɗanda suka san jihar Bauchi ciki da waje. Mu huɗu ne, ƙawayen juna tun muna makarantar kwana, kuma rabon da mu kwana ɗaki ɗaya mu yi hira har barci ya ɗauke mu ya fi shekara goma, domin aure da aiki da renon yara sun warwatsa mu gari-gari. Bana mun yi adashi na musamman saboda wannan tafiya, mazajenmu sun amince, ƙanina kuma ya yarda zai tuƙa mu ya zauna tare da mu har mu dawo.

Abu uku muke so. Muna so jikinmu ya huta sosai, mu shiga ruwan ɗumin nan na Wikki da ke gandun dajin Yankari da muke jin labari, a kuma yi mana gyaran jiki irin su dilka da halawa da lalle. Muna so mu ga namun daji da wuraren tarihi, sannan mu ci abincin Bauchi a inda ake yin sa. Damuwata ita ce kwana huɗu kaɗai gare mu, ina tsoron kada mu cusa abubuwa da yawa mu dawo gida da gajiyar da ta fi wadda muka tafi da ita. Wane wata ya fi dacewa, da me ya kamata mu fara, kuma yaya mata ke shiga ruwan ba tare da sun takura ta fuskar sutura ba? Allah ya saka da alheri.

Ɗan Alkaleri:

Wa alaikumus salam, Hajiya. Allah ya ƙara danƙon zumunci. Yankari a ƙaramar hukumarmu yake, don haka bari in fara da hanya, domin a nan baƙi suka fi yin kuskuren lissafi. Daga Kano ta Wudil da Birnin Kudu da Ningi zuwa Bauchi tafiyar kimanin kilomita 300 ce, daga Bauchi kuma za ku ɗauki hanyar Gombe har Dindima, a nan ku karkata kudu zuwa ƙofar gandun da ke Mainamaji. Mutane da yawa na zaton da sun iso ƙofa sun iso ke nan, alhali akwai sauran kimanin kilomita 40 a cikin daji kafin masaukin Wikki. Saboda haka ku yi sammako, ku ci abincin rana a Bauchi, ku shiga gandun da sauran rana, kuma kada ku sa wa ranar farko wani aiki in ban da isowa da wanka da barci.

Shi ruwan Wikki daga ƙarƙashin dutse yake ɓuɓɓugowa, ɗuminsa digiri 31 ne dare da rana, rani da damina, kuma garai-garai yake har mutum yana ganin yashin da ke ƙasansa. Wajen bakin dutsen ne ya fi zurfi, ya kusa mita 2, amma yana raguwa idan aka gangara, don haka wadda ba ta iya iyo ba ta tsaya ta can ƙasa. A ganina babu lokacin da ya kai sanyin safiya daɗin shiga, musamman lokacin hunturu, domin iska tana kaɗa mutum da sanyi a waje, da ya tsunduma kuma sai ya ji kamar an surka masa ruwan. Shi ya sa ni watan Janairu zan zaɓa muku.

Yawon ganin dabbobi da safe ko da la'asar ake fita, a mota, tare da ɗan rakiya na gandun. Dajin ya fi murabba'in kilomita 2,200, an keɓe shi tun 1956, aka buɗe shi ga baƙi a 1962, kuma namun daji ne a sake, babu wanda zai yi muku alkawarin ganin giwa ranar da kuka fita. Gwambaza da mazo da mugun dawa da birai kam ba sa wuyar gani, ɓauna da gwanki da dorina sai an dace, tsuntsaye kuwa sun fi iri 350. Ku roƙi ɗan rakiyar ya biya da ku kogunan Marshall, ɗakuna 59 da mutanen zamanin baya suka sassaƙa a jikin dutse, da rijiyoyin Dukkey. Kada ku sa shuɗi ko baƙin kaya a wannan fita, domin ƙudan tsando waɗannan launuka suke bi. A masauki kuma ku riƙa kulle ƙofa da taga, kada kowa ta riƙe ledar abinci a fili, saboda gwaggon biri na wajen ya saba da mutane, ba ya shakkar fizge abu daga hannu.

Mai Lalle, daga Maiduguri:

'Yar'uwa, ni sana'ata gyaran jiki ce, a kan wannan ɓangare zan tsaya. Shawarata ita ce ku bar gyaran jiki ya zama abu na ƙarshe, bayan kun fito daga daji kun dawo cikin garin Bauchi. Halawa tana cire gashi tare da matacciyar fata, sai ta bar jiki da laushi da saurin jin zafi, idan kuwa aka kai irin wannan fata cikin rana da ƙura da cizon ƙwari, ƙaiƙayi da ƙuraje ne za su biyo baya. Dilka ma haka take, ƙamshinta da santsinta suna son a zauna a inuwa, a bi ta da turaren wuta, a lulluɓe jiki ya sha hayaƙi. Lalle kuwa kowa ya san yawan jiƙa shi a ruwa yana sa ya koɗe da wuri, to ina amfanin a zana muku shi yau gobe ku wuni cikin Wikki? Kwana biyun da za ku yi kuna shiga ruwan ɗumi su ne ma za su tausasa fatar, dilkar ta fi kamawa.

Ku nemi mai gyaran tun kuna gida ta hannun wata 'yar gari da kuka yarda da ita, ku gaya mata ku huɗu ne domin ta zo da mataimaka, in ba haka ba wuni guda ba zai ishe ku ba. Kowace ta sa a gwada mata haɗin a ɗan wuri a hannu kafin a shafa mata duk jiki, kuma ku tambayi abin da aka zuba a ciki, domin akwai masu haɗawa da man bilicin ba tare da sun faɗa ba. Baƙin lalle ma a yi hattara da shi, yana ƙona fatar wasu.

Game da sutura, lokacin da na je da 'yan'uwana doguwar riga mara nauyi muka sa da wando har idon sawu da hula, muka sauka bayan sallar asuba da gari ya fara haske, muka yi kusan awa biyu kafin jama'a su fara zuwa. Ku zaɓi tsakiyar mako, ku guji hutun Sallah da na ƙarshen shekara. Ina kuma roƙonku kada ku shiga da sabulu ko kayan shafa, domin ruwan Wikki cikin kogin Gaji yake gangarawa, shi kuma dabbobin suke sha.

Malamin Tarihi, daga Bauchi:

Na yarda da abin da Malama ta faɗa gaba ɗaya, amma ina da ɗan saɓani da ɗan'uwana na Alkaleri a kan wata. A farkon rani ciyawa ba ta gama kwantawa ba, akwai kuma sauran ruwa a tafkunan cikin daji, saboda haka dabbobi a warwatse suke. Sai rani ya yi nisa suke taruwa a bakin kogin Gaji, shi ya sa masu son ganin giwa suka fi zuwa daga Fabrairu zuwa Afrilu. Tunda zafin Maris da Afrilu ba abokin hutu ba ne, ni Fabrairu zan ce, matuƙar bai faɗa cikin azumi ba, lokacin da sauran sanyin safiya, daji kuma ya buɗe.

A cikin gari kada ku wuce kabarin Sa Abubakar Tafawa Balewa, Firaministan Nijeriya da aka kashe a juyin mulkin Janairun 1966. Ta wani lungu mai duhu ake shiga, a hankali haske yana ƙaruwa har a fito filin da kabarin yake, babu rufi a kansa, kuma ban taɓa kai baƙo wajen ya fito yana surutu ba. Akwai kayayyakinsa da aka adana a gefe. Daga nan ku biya ta ƙofar fadar Sarkin Bauchi, masarautar da Malam Yakubu, almajirin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, ya kafa. Awa uku sun ishe ku duka biyun.

Abinci kuwa, abin da ku Kanawa kuke kira waina mu masa muke ce masa, kuma da shi aka san mu. Shinkafar tuwo ake jiƙawa a markaɗa, a bar ƙullun ya tashi, a soya a tanda, sai ta fito da faɗi da taushi, bakinta ya yi ƙas-ƙas. Ku ci ta da zafinta a wajen mai suya, da miyar taushe ko da yajin ƙuli, domin idan ta kwana a leda rabin daɗinta ya tafi. Da dare ku aiki ƙaninku ya samo muku balangu, tsarabar yara kuma ku shiga kasuwar Wunti ko ta Muda Lawal.

Uwar Biyu, daga Kano:

Na gode ƙwarai, Allah ya biya ku. Na karanta wa ƙawayena duka, mun kuma tsayar da Fabrairu. Za mu kwana biyu a Wikki, mu fita ganin dabbobi sau ɗaya kawai da la'asar domin safiyarmu ta zama ta ruwa, rana ta uku mu dawo Bauchi da hantsi a yi mana gyaran jiki har dare, ta huɗu mu ziyarci kabarin, mu ci masa, mu kama hanya. Malam, idan ziyarar ta zo da safe, masar za mu fara ci ko akan same ta da zafinta har wajen azahar? Malama kuma, ɗaya daga cikinmu tana shayarwa kuma da jaririyarta za ta zo, shin turaren wutan zai yiwu idan aka fitar da yarinyar wani ɗaki, ko ta haƙura da shi ta tsaya a dilka da lalle?