Musayar waƙa: Amurka da Faransa, butulci ne ko dabara?

Malam Na-Zazzau:
Assalamu alaikum 'yan uwa masu alƙalami. Wannan makon ni aka baiwa buɗe fage, toh ga abinda na zo da shi. Amurka da taimakon Faransa ta ƙwaci kanta daga hannun Ingila, sun ƙulla ƙawance a 1778, sai gashi shekara 20 bayan nan jiragensu na harbin juna a teku. Shin butulci Amurka tayi ko dabarar mai ƙaramin ƙarfi? Ƙa'ida kamar kullum, ƙwar huɗu, kowa da amon cikinsa amma ɗangon ƙarshe ya sauka akan "na". Kuma dan Allah wanda zai kawo tarihi ya kawo na gaskiya.

Da sunan Allah zan fara,
Mai ba bawa basira da dabara,
Salati ga Annabi in ƙara,
Sannan in buɗe bakina.

Amurka tana jaririya,
Ingila ta shaƙe mata wuya,
Ba jirgi ba soja ba dukiya,
Faransa ta ce ki hau bayana.

Franklin a Faris aka karɓe shi,
Aka ba shi kuɗi da albarushi,
Lafayette ya bar gidan ubanshi,
Ya sha harbi a ƙafa, 'yan uwana.

A Yorktown aka ƙare wasa,
Teku na hannun jiragen Faransa,
Cornwallis ya miƙa makamansa,
Wa zai manta da wannan rana?

To da Faransa ta shiga uku,
Ingila ta tare mata teku,
Washington ya ce ba ruwanmu da ku,
Wannan ne ya tsaya a raina.

Franklin jakadan Amurka ne, Lafayette Bafaranshe ne da ya taya su yaƙi, Cornwallis kwamandan sojan Ingila, Washington kuma shugaban Amurka na farko.

Ɗan Maraɗi:
Wa alaikumus salam, Allah shi gafarta Malam. Mu nan a lakwal ta wajen Faransi munka karanta labarin ga, kuma kun san ba son su nikai ba amma gaskiya gaskiya ta. Bashin da sarki Louis na 16 ya ci wajen yaƙin Amurka yana cikin abinda ya karya baitulmalinai har juyin juya halin 1789 ya taso, anka sare kainai a Janairun 1793, wata ukku bayan nan Washington ya yi shelar su 'yan ba ruwanmu ne.

Wanda ya goye ka cikin ruwa,
Ya ci bashi don ka samu tsayuwa,
Ran da gidanai ya kama ƙonewa,
Ko guga ba ka kai ba, zumuna?

Kuma sunka aiki alƙalinsu,
Landan wurin tsohon maƙiyinsu,
Ya sa hannu ya saida amininsu,
In ba butulci ba, mi as suna?

Mutanenshi da kansu sunka yi fushi,
Sunka yi mutum-mutumi kamarshi,
Gari gari suna ƙona shi,
Hamilton ma ya sha jifa da rana.

John Jay nike nufi, alƙalin alƙalansu, da yarjejeniyar da ya sa ma hannu da Ingila a Nuwamban 1794. Hamilton ko tsohon ministan kuɗinsu na, mai goyon bayan yarjejeniyar.

Ɗan Marna:
Yayana na Maraɗi waƙa tayi daɗi amma ka bar rabin zance a aljihu. Ƙidayar 1790 mutanen Amurka basu kai miliyan 4 ba, basu da jirgin yaƙi ko ɗaya dan tun 1785 suka sayar da na ƙarshe, ga sojan Ingila zaune a Detroit da Niagara sunƙi tashi duk da sulhun Faris na 1783 wai sai an biya 'yan kasuwarsu bashin da suke bi, ga kuma kuɗin shigar gwamnati kusan duka daga kwastan yake fitowa kuma kayan Ingila ne suka fi yawa a tashoshin, toh dan Allah da me za'a yi yaƙin?

Giwa biyu in suna kokawa,
Ɗan zomo sai ya nemi kaucewa,
Ba tsoro ba ne, sanin iyawa,
Ka auna da kyau ya yayana.

Jay ya samo abin da ya samu,
Ingila ta ce mun kwashe sojanmu,
Detroit da Niagara ku amsa a hannunmu,
Ba gawa ko ɗaya, malamina.

Genêt da Faransa ta aiko,
Bai gaida mai gida ba tun farko,
A Charleston ya sauka ya ɗana tarko,
Ya mai da ƙasar mutane tasa gona.

Da aka ce gida ake nemansa,
Ya san wuƙa na jiran wuyansa,
Washington ya rufa asirinsa,
Ya yi aure a New York ya zauna.

Genêt ɗin nan fa jakadan Faransa ne, amma yana sauka a Afrilun 1793 kafin ma ya gabatar da kansa ya fara rabawa masu jirage takardar izinin kame jiragen Ingila daga tashar Amurka, wato yana jawo musu yaƙi har tsakar gida. Na yarda yarjejeniyar Jay da ƙyar ta wuce, dattawa 20 suka amince 10 suka ƙi, dai dai kashi biyu cikin ukun da ake buƙata. Amma kar a manta a 1795 Sifaniya ita ma ta sassauto ta buɗe musu kogin Mississippi da tashar New Orleans.

Alƙalamin Dabo:
Ku matsa min in kawo inda zancen yafi zafi. Bayan abin Jay ɗin nan Faransa ta fusata ta hau kamen jiragen kasuwar Amurka, sama da 300 kafin tsakiyar 1797, ta kuma ƙi karɓar jakadansu Charles Pinckney. Shugaba John Adams sai ya tura mutum uku, Pinckney ɗin da John Marshall da Elbridge Gerry, suka isa Faris a Oktoban 1797. Ministan waje Talleyrand ya gansu na ɗan lokaci amma yaƙi karɓarsu a hukumance, sai ya sako musu 'yan kanzagi.

Jakadu uku suna ta jira,
Talleyrand ya ƙi ya yo musu kira,
Sai 'yan aike masu dabara,
Suke bin su har wurin kwana.

Da farko sai ku ba da na goro,
Fam dubu hamsin, ba kunya ba tsoro,
Ku ba mu bashi ko ku sha horo,
Sannan a saurari magana.

Kuma Adams ya janye kalamansa,
Da ya yi a gaban majalisarsa,
Ya ba da haƙuri ga Faransa,
Ku ji ƙarfin hali, jama'ar nana.

Suka dawo har cikin majalisi,
Suna naci kamar ibilisi,
Pinckney ya ce a'a, a'a, ko sisi,
Wannan kalma ta shiga jinina.

Adams ya kai takardun majalisa,
Ya ɓoye sunan 'yan aiken Faransa,
Kowa harafi ya maye gurbinsa,
X da Y da Z suka zamo suna.

Sisin da Pinckney ya faɗa wallahi shi ne dai sisin da kakanninmu suka kashe zamanin fam da sule, rabin sule kenan. Da takardun suka fito a Afrilun 1798 gari ya ɗau zafi, aka kafa ma'aikatar sojan ruwa, a Yuli majalisa ta soke yarjejeniyoyinta da Faransa, kirarin da ake yi lokacin shi ne miliyoyi don tsaro amma ko kwabo baza'a bayar na haraji ba. A Fabrairun 1799 jirginsu Constellation ya kama na Faransa L'Insurgente kusa da tsibirin Nevis a yankin Karibiyan. Ni dai anan ina bayan Amurka ɗari bisa ɗari, abokin da zai ce sai ka bashi toshiya kafin ya buɗe maka ƙofa ya riga ya tsinka igiyar da hannunsa.

Ɗan Maraɗi:
Talleyrand makwaɗaici na, ban musa,
Shi ya ɓata sunan Faransa,
Amma kirarin ga ku sauke shi ƙasa,
Akwai abin da ka cikin aljihuna.

Aljeriya fa an biya ta,
Kuɗin fansa an auna mata,
Duk shekara ana kai kayanta,
Shin wanga ba haraji ba na?

Ƙanena na Dabo duba yarjejeniyar 1795, Amurka ta yarda ta ba mai mulkin Aljiyas sama da dala dubu 600 dan a sako matuƙanta da anka kama, da kayan jirgi na dala 21,600 duk shekara. Kuma a cikin zafin nan na 1798 sunka yi dokar ɗaure mai sukar gwamnati, har ɗan majalisa Matthew Lyon ya sha wata huɗu a kaso. Wanga ma a sa shi cikin lissafi.

Inna Mai Alƙalami:
Sannunku da ƙoƙari 'ya'yana, Malam barka da dare. Tun ɗazu nake karantawa ina jiran wani ya taɓo abinda yafi damuna babu wanda ya taɓo. A cikin takardar sulhun 1783 akwai sharaɗin cewa sojan Ingila su fita ba tare da sun tafi da baƙaƙen fata ko wata dukiyar Amurkawa ba, haka aka rubuta, mutum da dukiya a layi ɗaya, saboda lokacin yaƙi Ingila tayi shelar duk bawan 'yan tawaye da ya gudo wurinta ya 'yantu kuma dubbai sun gudu, toh da aka gama sai iyayen gijinsu suka ce a maido musu, Washington da kansa ya zauna da kwamandan Ingila Guy Carleton a Mayun 1783 akan maganar nan. Kuma cikin abinda ya sa manoman kudu suka tsani yarjejeniyar Jay harda cewa bai karɓo musu diyyar bayin nan ba.

Kun ƙirga jirgi kun ƙirga kuɗi,
Kowa ya yi baiti mai daɗi,
Akwai wasu ba wanda ya faɗi,
Baƙaƙen bayi, su ne dangina.

A takardar sulhu an rubuta su,
Cikin dukiya aka lissafa su,
Kamar dabbobi wai a maido su,
Hawaye ne ke zuba a idona.

Masu kirarin 'yanci da baki,
Su ke bin mutum kamar jaki,
Washington da kansa ya ɗau aiki,
Na neman a mai da su gona.

Carleton ya ce alkawari ya riga,
Jirgi ya tsaya kowa ya shiga,
Wajen dubu uku aka ƙirga,
Zuwa ƙasar sanyi mai ƙuna.

Ba na ce Ingila waliyyiya ce,
Jiragenta na safarar namiji da mace,
Daga gaɓarmu safe da maraice,
Ita ma tana da kaso a zargina.

Harry daga Gambiya aka kamo shi,
Washington ne ya saye shi,
Ya gudu, teku ta dawo da shi,
Afirka ta ce maraba ɗana.

Nova Scotia aka kaisu a Kanada, ƙasar noman da akayi musu alkawari wasu basu samu ba wasu aka basu mai duwatsu, shi yasa a 1792 wajen mutum 1,200 suka sake hawa jirgi zuwa Saliyo suka kafa Freetown, Harry Washington yana cikinsu. Duk sanda na tuna mutumin nan sai in kasa bacci.

Malam Na-Zazzau:
Inna Allah ya ƙara girma, wallahi na karanta sau uku. Ni da na buɗe fagen ban hango ta nan ba, kuma kin sa na ji nauyin baitina na biyu inda nace Amurka jaririya ce ba dukiya, alhali tana riƙe da bayi kusan dubu 700 a ƙidayar 1790. Mutum ɗaya nake so in yaba kafin in kwanta, John Adams, shi bai taɓa mallakar bawa ba, kuma jam'iyyarsa na ta ingiza shi ya shelanta yaƙi yaƙi yarda ya sake tura jakadu.

Ganga na tashi ana ta zuga,
Hamilton ya sa kaki ya ja daga,
Adams ya duba abin da ya hanga,
Ya ce a koma teburin magana.

A Mortefontaine aka sa hannu,
Wutar teku ta mutu sannu sannu,
Ƙawancen da ya tsufa ya kwanu... 

a'a wannan ɗangon bai zauna ba, bari in gyara,

A Mortefontaine aka sasanta,
Tsohon ƙawance aka warware ta,
Kujerar mulki Adams ya rasa ta,
Bai kai 'ya'yan mutane kushewa ba, ɗana.

Satumban 1800 kenan a Mortefontaine ta ƙasar Faransa, labarin sulhun bai iso da wuri ba, zaɓe ya tafi hannun abokin takararsa Thomas Jefferson.

Ɗan Marna:
Malam "ƙawance" namiji ne ka ce "warware ta", amma mun ɗauka yarjejeniya kake nufi, ya wuce. Inna ni kam kin ɗaure ni, bani da baitin da zan maida miki yau.

Ɗan Maraɗi:
Inna ga ɗaya in ɗora bisa naki. Napoleon ya tura runduna ta mai da Haiti ƙarƙashinai, baƙaƙen da sunka 'yanta kansu da zazzaɓin shawara sunka cinye ta, shi ya sa ya fidda rai da nahiyar ya saida Louisiana a 1803 kan dala miliyan 15, ƙasar Amurka ta kusa ninkawa biyu.

Bayin Haiti sunka yi tsaye,
Sojan Napoleon sunka janye,
Louisiana Amurka ta saye,
Haiti ko sannu ba a ce mata ba, Inna.

Haiti ta yi shelar 'yancinta a 1804, Amurka ba ta amince da ita ba sai 1862.